Kuɗin Agajin Matan Islamiyyarmu Sun Faɗa Hannun Ɗan Damfara, Ni Kuma Na Yi Shiru

Assalamu alaikum Anti. Ni ce ma'ajiyar ƙungiyar matan Islamiyyarmu a Gwammaja. Lokacin ambaliyar Mokwa ta jihar Neja wata ƙawata ta turo mini bidiyo daga Facebook, ruwa yana cin gidaje, ga muryar wani mutum yana kuka yana cewa yana cikin garin yana ciyar da marayu, ga lambar akawun a ƙasa. Na saka a zaurenmu na WhatsApp, mata suka yi ta turowa, har mai suyar awara ta kawo dubu biyu. Muka haɗa naira 340,000 na tura. Bayan Sallah na nemi jin yadda aka yi rabo, na tarar da lambar a kashe, shafin ma ya ɓace. Daga baya na ga bidiyon nan dai an maƙala masa sunan wani gari da wata lambar akawun. Har yau ban faɗa wa kowa ba, ko maigidana. In an tambaye ni sai in ce saƙo ya isa. Yanzu ruwa ya sake ɓarna a wasu garuruwa, mata suna cewa in buɗe sabon karo-karo tunda ni na san hanya. Ba na iya barci. In faɗa musu? Biya ya hau kaina? Kuma ta yaya mutum zai taimaka ba a cuce shi ba?

'Yar'uwarku daga Gwammaja

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya mayar wa masu asara da alheri, ke kuma Ya yaye miki wannan damuwa.

Ki faɗa musu. Da wannan zan fara, domin sauran tambayoyinki duk a bayansa suke. Mutumin nan ya cuce ku sau ɗaya, ranar da kuɗi suka fita daga hannunki. Amma duk ranar da wata ta tare ki a ƙofar makaranta ta ce "Malama, saƙonmu ya isa kuwa?" kika ce ya isa, wannan ke kika ƙara a kai. Na farkon musiba ce ta same ki, kuma tana samun 'yan boko da manyan 'yan kasuwa da suka fi ni da ke sanin kan waya. Na biyun ƙarya ce, ke ma kin sani, shi ya sa barci ya ƙi zuwa. Ni wannan rashin barcin ne ma ya sa na yarda da ke, don wadda ta ci kuɗin jama'a munshari take yi.

Sannan shirun nan ba ke kaɗai yake ci ba. Matan nan yanzu sun ɗauka akwai wata amintacciyar hanya a hannunki. Wataƙila wata ta tura wa 'yan'uwanta lambar a lokacin, tana cewa ai ta nan mu ma muka bayar. Gobe irin bidiyon zai sake zuwa, su sake yarda, saboda ba wanda ya gaya musu an taɓa yi musu.

Ki fara da maigida, a daren yau in da hali. Washegari ki sami malamar da ke shugabantar makarantar ku keɓe. Daga nan sai taron mata, ido da ido. Kada ki yi wannan magana a WhatsApp, don saƙon murya yawo yake yi, kafin la'asar ya isa Kurna da Fagge an ƙara masa gishiri. Kafin taron ki je banki a buga miki takardar shige da ficen akawun ɗinki na waɗannan ranaku, ki haɗa da rasit ɗin turawar da ke nuna rana da adadi da sunan wanda ya karɓa. Ki kwafe sunan kowace mace da abin da ta bayar a littafi, ta dubu biyun nan ma da sunanta. Ki ajiye su a gabansu ki ce: an damfare mu, ban bincika ba kafin in tura, na ji kunya na ɓoye muku, ku yafe mini. Kada ki tsawaita, kuma kada ki jingina laifin ga ƙawarki da ta turo bidiyon, ita ma turo mata aka yi.

Za a yi gunaguni. Ba za a rasa wadda za ta ce a gefe ai da hannunki a ciki ba. Takardar banki ce za ta amsa mata, ke ba sai kin ce komai ba. Abin da takarda ba za ta iya wankewa ba shi ne a ji labarin daga wani baki kafin naki, kuma kowane mako da ya wuce yana ƙara kusanto da wannan ranar.

Akwai abin da za ki riƙe wa zuciyarki, ki kuma tuna wa matan. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya fita da dare zai yi sadaka, ya saka ta a hannun ɓarawo bai sani ba, gari ya waye mutane suna ta magana. Ya sake fita, ta faɗa hannun mazinaciya. Ya sake, ta faɗa hannun mawadaci. Aka sanar da shi an karɓi sadakarsa. To mai awara ba ta yi asarar ladanta ba in Allah Ya yarda. Waɗanda suka yi asara su ne mutanen Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa, da ruwa ya afka musu da asubahin 29 ga Mayu, 2025, ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah, ya kashe fiye da mutum 150. Buhunan shinkafar da 340,000 za ta saya ba su kai gare su ba. Hadisin yana sanyaya zuciyar mai bayarwa, bai ce a daina dubawa ba, musamman in kuɗin ba naki ba ne.

Batun biya kuwa, ƙa'idar da malaman fiƙihu suka sani ita ce wanda aka ba amana ba ya lamuni in abu ya salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka gindaya masa. Ke ba ki wuce iyaka ba, lambar da kowa ya gani a zaure ita kika tura wa. Ko tura kuɗi masu yawa haka ba tare da kiran waya ko ɗaya ba ya zama sakaci, wannan malaminku zai yanke bayan ya ji ɓangarori. A nawa ganin akwai ɗan sakaci a ciki, amma na tarayya ne, don mata da yawa sun kalli bidiyon ba wadda ta ce a dakata. Ki ce musu kin shirya ɗaukar abin da aka yanke, ko da kaɗan-kaɗan ne. Kada ki sayar da ɗankunnenki a ɓoye ki cike gurbin don maganar ta mutu, wannan ma wani ɓoyon ne. Ki kuma tambaya ko akwai wadda zakkarta ta saka a ciki. Zakka ba kamar sadakar ganin dama ba ce, tana da rukunin mutane takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma malamai sun yi saɓani kan wadda ta faɗa hannun wanda bai cancanta ba. Mai wannan matsala ta kai wa malami tata daban.

Ki kai ƙara, ko da lokaci ya ja. Ba zan yaudare ki ba, kuɗin da suka kwana watanni da wuya su dawo, domin irin waɗannan mutane cikin mintuna suke kwashewa a wurin mai POS ko su watsa su zuwa wasu akawun. A sa'o'in farko ne banki yake iya tuntuɓar ɗaya bankin a riƙe kuɗin. Duk da haka ki rubuta wa bankinki ƙorafi da lambar shaidar turawar da ke jikin rasit, ki karɓi shaidar sun karɓa. In mako biyu ya wuce ba su ce komai ba, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Ki kai wa 'yan sanda, kuma EFCC tana da ofishin shiyya a nan Kano. Kowane akawun yanzu yana ɗaure da BVN ko NIN na wani mutum. Sau da yawa wanda za a tarar wani yaro ne da aka ba 'yan dubbai ya ba da aron akawun ɗinsa, amma ta kansa ake bin sawu, kuma ƙorafinki yana iya zama na biyar a kan lamba ɗaya, wanda zai sa a rufe ta. Ki je da maigida ko malamar ku. Sannan ki yi hattara da wanda zai kira ki daga baya ya ce shi jami'i ne ko gwanin kwamfuta, zai dawo miki da kuɗin in kin biya kuɗin aiki. Sau da yawa su ɗin ne dai suka sake shiri. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katinki ko lambar da banki ya turo miki ta tes, ki kashe wayar.

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe, wadda ta fi shafar kowa.

Mu nan Kano muna da wata kunya da 'yan damfara suka fi mu saninta. Matar da za ta yi rabin awa a Kantin Kwari tana murza atamfa, tana ɗaga ta a rana, tana taya kuɗi, ita ce za ta tura dubu hamsin ga muryar da ba ta san fuskarta ba, don kawai an ce fisabilillahi. In wata ta ce a tsaya a bincika, sai a ce kai, aikin Allah ne fa, shi da Allah in ya ci. Tambaya ta zama kamar zargi, ko alamar rowa. Ni kuwa ban ga inda addini ya ce haka ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat cewa ta yi a nemi tabbaci in labari ya zo. Mai aikin gaskiya ba ya jin haushin a tambaye shi waye shi, a ina yake, wa ya san shi. Daɗi ma yake ji, don ya san masu ɓata musu suna sun yi yawa. Wanda ya fusata, ko ya hau yi miki wa'azi kan kyautata zato, ko ya ce yara za su mutu kafin magariba in ba ki tura yanzu ba, ya riga ya ba ki amsa.

Abin da nake bi, kuma nake ba kowa shawara, shi ne kada kuɗi su fita sai ta hannun da in abu ya ɓaci akwai ƙofar da za a je a ƙwanƙwasa. Bidiyo ba shi da ƙofa. Shafin Facebook mai mabiya dubu ɗari ma ba shi da ita, ana sayen irinsu, ana kuma sace su. Mu kuwa Allah Ya ba mu abin da garuruwa da yawa ba su da shi, wato babu inda Bakano ba shi da mutum. Mokwa tana kan hanyar manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga Dawanau zuwa kudu, direbobinmu sun san garin, sun san masallatansa. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shanye Maiduguri da Jere har cikin Monday Market, 'yan Kwari nawa ne suke da abokan ciniki na shekara da shekaru a wannan kasuwa? A 2022 da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar nan, Jigawa na cikin inda abin ya fi muni, kuma da wuya ki sami layi a Gwammaja da babu ɗan Haɗeja ko Ringim. Da a zauren nan naku kin tambaya wa ke da ɗan'uwa a Mokwa, ina kyautata zaton da an samu. Shi sai ya haɗa ku da limami ko mai unguwa, ku ji muryarsa, ku sa wani daban ya tabbatar muku shi ɗin ne. Wannan aikin yini ɗaya ne ko biyu. Wanda gidansa ya rushe zai ci gaba da bukata bayan kwana biyu, har bayan wata shida.

In ba a sami mutum ba, akwai ƙungiyoyi masu ofis da allon suna. Ku da kuke matan Islamiyya, FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, ta fi kusa da ku, kuma a Minna ma aka kafa ta a 1985, babban birnin jihar da Mokwa take. Akwai 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, da na Izala, da na Fityanul Islam, waɗanda kike ganinsu da kaki a filin Idi. Akwai Red Cross ta Najeriya, wadda doka ta kafa tun 1960, tana da reshe a kowace jiha. Ta ɓangaren gwamnati akwai hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta tarayya da SEMA ta jiha, ga kuma Hukumar Zakka da Hubusi a nan Kano. A ambaliyar Maiduguri gwamnatin Borno ta buɗe asusun tallafi, ta kafa kwamitin rabo, ta riƙa fitar da jerin gudummawar da aka bayar. Ban ce duk wanda na lissafa ba a ƙorafi a kansa ba. Rabon kayan agaji a ƙasar nan bai taɓa rabuwa da ƙorafi ba, wani ya samu biyu wani bai samu ko ɗaya ba. Bambancin shi ne su ana iya zuwa a tsaya a gabansu a ce ina kayanmu suka shiga.

Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma a ganina ya fi na bidiyon kuka haɗari. Ƙungiyar gaskiya za ta fitar da sanarwa ta gaskiya, da tambarinta da hoton malamin da kowa ya sani. Wani ya ɗauki hoton sanarwar, ya goge lambar akawun, ya saka tasa, ya sake ta. Komai daidai ne sai lambobi goman nan. Don haka lambar da ta zo miki ta hanyar turawa, ko daga yayarki ta fito, ba a tura kuɗi a kanta. A karɓi lamba daga bakin masu ita: a je ofis, a kira wanda aka sani a cikinsu, ko a ji ta a sanarwar masallacinsu. Kuma in kin saka lambar a waya, kafin ki danna tura, suna yana fitowa. Ki tsaya ki karanta shi da ƙarfi. In an ce gidauniyar marayu ce amma sunan wani mutum ya fito, ki dakata. In aka ce miki akawun ɗin ƙungiya ya sami matsala, tura ta na sakatare, ki ce za ki jira a gyara.

Ban ce duk mai tara kuɗi da akawun ɗin kansa ɓarawo ne ba. Akwai matasa a garin nan, maza da mata, da suke tara wa marasa lafiya kuɗin aiki a asibiti da sunansu, kuma suna yi tsakani da Allah. Amma irinsu za ki tarar an san gidan ubansu, suna faɗin asibitin da ɗakin da majinyacin yake, suna wallafa abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma in kuɗi sun cika suna cewa a tsaya haka. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau. Ɗan damfara bai taɓa cewa ya isa ba.

Rajista kuma tana da amfani, iyakar amfaninta. Ƙungiyar da ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, za ki ga sunanta in kin bincika a shafin hukumar, kyauta ne, ɗanki ma zai duba miki. Banki kuma yana neman takardar SCUML, wani sashe a ƙarƙashin EFCC, kafin ya buɗe wa irin waɗannan ƙungiyoyi akawun da sunansu. Rashin rajista ga mai kiran kansa gidauniya alamar tambaya ce. Samunta kuwa yana nuna ƙungiyar tana nan a takarda ne kawai.

Hoto da bidiyo kada su ƙara zama hujja a wurinki. Kin gani da idonki yadda bidiyo ɗaya ya yi wa gari biyu aiki. Akwai Google Lens a yawancin wayoyi, in kin saka hoto zai nuna miki inda ya taɓa fitowa, sau da yawa ki tarar ambaliyar wata ƙasa ce ta shekarun baya. Yanzu ma abin ya wuce nan, kwamfuta ke ƙirƙiro hoton ɗungurungum. Bayan girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu, 2023, wadda ta kashe fiye da mutum 50,000, BBC ta nuna yadda 'yan damfara suka yi ta roƙo da hoton wani ma'aikacin kashe gobara ɗauke da yaro, da aka duba da kyau sai ga shi da hannun dama biyu. Muryar malami ma ana iya kwaikwayonta yanzu. Masu aika kyauta a TikTok ga wanda ke roƙo kai tsaye kuma su sani, binciken da BBC ta yi a 2022 a sansanonin 'yan gudun hijirar Siriya ya gano kamfanin yana iya riƙe har kashi 70 cikin ɗari na kyautar. Ko mai roƙon na gaskiya ne, ɗan abin da ya rage ne yake isa gare shi.

Wurare masu nisa irin Gaza, inda ba mu da direba ko abokin ciniki, nan ne aka fi cin kuɗin mutanenmu, don tausayin yana da ƙarfi kuma ba mai iya zuwa ya gani. A nan sai dai manyan ƙungiyoyi da aka san suna aiki a can, irin Red Crescent ta Falasɗinu da hukumar UNRWA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko tarin da manyan ƙungiyoyin addini na gida suka sanar da bakinsu suka kuma faɗi ta hannun wa za su isar. Saƙon da wani zai aiko miki a asirce da Larabci ko Turanci yana cewa shi ɗan Gaza ne ki tura ta kirifto, wato kuɗin intanet, ba ki da hanyar tantance shi, ki yi masa addu'a ki kai kuɗinki inda za ki iya bibiya.

Wata magana da ba ki tambaya ba amma za ta taso a taronku: wata za ta ce to mu daina ba da kuɗi, mu tara kaya. Kaya ba sa hana cuta, ana karkatar da buhu kamar yadda ake karkatar da naira. Ga kuɗin mota, wanda daga Kano zuwa Maiduguri ko Mokwa yana iya cinye rabin abin da kuka tara. Ga kuma halinmu na zazzage tsummokaran da muka gaji da su mu kira shi agaji. Matar da ruwa ya raba da ɗakinta mai mutunci ce, jiya-jiya tana da akwatunanta. In hannun da za ku ba amintacce ne, kuɗi sun fi, a sayi abin da ake bukata a kasuwar kusa da su. Ku tambaye su me suke so kafin ku yanke. Mu mata mun san abubuwan da kwamitin maza ba ya tunawa: audugar mata, zanen goyo, tukunya, gidan sauro, sabulu. Bayan ruwa kuma ciwo ke biyowa, a Borno ba a yi wata guda da ambaliyar 2024 ba aka sanar da ɓarkewar amai da gudawa. Don haka ba laifi ba ne ku raba abin da kuka tara gida biyu, rabi yanzu, rabi bayan wata biyu lokacin da 'yan jarida suka kwashe kyamarorinsu. Wannan rabawar tana kuma ba ku damar ganin yadda aka yi da na farko kafin ku saki na biyu.

Kuma ku rage neman hoton rabo a matsayin shaida. Ba shi da wuyar haɗawa, sannan yana sa a jera zawarawa da marayu riƙe da ledar taliya ana ɗaukarsu, abin da ba wadda za ta so a yi wa uwarta. Ku nemi sunayen gidajen da aka ba, da lambar mai unguwa ko limamin wurin, ku kira mutum biyu ko uku ku yi musu jaje. A cikin gaisuwar za ku ji ko saƙo ya isa.

Kada kuma idonku ya tafi nesa ya tsallake kusa. Duk damina gidajen ƙasa suna faɗuwa a cikin birni da unguwannin da magudanan ruwa suka toshe, wani lokaci a kan mutane suna barci. Gobarar kasuwa ma ba baƙuwarmu ba ce, wanda ya ga ta Sabon Gari a 2016 ya san yadda mai shago yake wayar gari ba shi da ko kuɗin cefane. Waɗannan da ƙafa za ku taka ku gani, ku damƙa a hannu.

Saura batun ko ki karɓi sabon karo-karon. Wannan ba ke za ki yanke ba, su za su yanke bayan sun ji gaskiya. In sun ce ki ci gaba, ki karɓa da sharaɗi: kuɗi ba za su ƙara zama a akawun ɗinki ke kaɗai ba, a sami mata uku da sai sun yarda tare kafin ko sisi ya fita, kullum da dare a saka jerin abin da ya shigo a zaure kowa ta ga sunanta, kuma ba a turawa sai an kwana an tantance. In kuwa sun ce a ba wata, kada ki yi fushi ki daina zuwa makaranta. Ki miƙa mata littafin da hannunki, ranar da za ta tura kuɗin ki zauna kusa da ita ku karanta sunan da ya fito tare.